Telar da Ta Ɗinka Dodo a Wangsa Maju

Duk Bahaushiyar da ta zauna a Kuala Lumpur a 'yan shekarun nan, ta kuma nemi ɗinki irin na gida, da wuya a ce ba a ba ta lambar Barira ba. Ni ma haka aka yi mini. Wata biyu da zuwana karatun digiri na biyu, ina da atamfa turmi biyu a akwati, na rasa wanda zan kai wa. Aka ce in hau jirgin ƙasa na LRT in sauka a Wangsa Maju, in nemi dogon benen da ke bayan shagunan abinci, hawa na goma sha ɗaya.

Mace ce gajera, mai sanyin magana, ba ta kai arba'in ba. Tana auna ni na hango wani abu kore rataye a bayan ƙofa, da fukafukai da jela mai tsini.

"Anti Barira, wannan fa?"

"Dodo ne," ta ce, tana rubuta awon kafaɗata. "Labarinsa da tsawo. Ɗaga hannunki."

Sai da na yi zuwa uku kafin ta ba ni labarin.

'Yar Ɗanbatta ce. A wajen gwaggonta ta koyi keke tun tana sakandare, tana gamawa ta auri Abdulgani, malami a wata kwalejin fasaha. Da ya samu tallafin gwamnati na karatun dakta sai ya taho da ita da 'yarsu mai shekara biyu. Sunan yarinyar Hafsatu, sunan mahaifiyarsa ke nan, shi ya sa ake ce mata Ummi.

Barira ta ce shekarun farko ba ta san kewa ba. Gida bakwai na Hausawa ne a benen nan kaɗai. Kowace Asabar matan kan haɗu a ɗakin ɗaya daga cikinsu, a tuƙa tuwon shinkafa, a kaɗa kukar da wani ya zo da ita a jaka, a yi kitso, yara na ta guje-guje a baranda. Sai mazan suka fara gama karatu ɗaya bayan ɗaya. Kowace in za ta tafi sai ta bar mata wani abu, wannan tukunya, wannan fanka, waccan tabarma. Cikin shekara huɗu ɗakin girkinta ya cika da kayan mutane, mutanen kuwa duk sun koma.

Abdulgani ya gama, amma bai koma ba. Ya samu koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta a Kuantan, tafiyar kusan awa huɗu a mota, inda aka ba shi ɗaki ɗaya a gidan malamai. Sai bayan mako biyu yake zuwa. Ita da Ummi suka zauna saboda makarantar yarinyar. Allah bai sake ba ta haihuwa ba.

Ummi ta tashi tana jin Hausa sarai, amma ba ta mayarwa. A yi mata magana da Hausa ta amsa da Turanci, in da ƙawayenta ne kuma Malayanci. Turancin Barira na karanta allo ne da cinikin kasuwa, in magana ta yi tsawo sai kunya ta kama ta. Don haka hirarsu ba ta wuce ci abinci, yi salla, ina takalminki.

Ummi na shekara tara ta fara aro wasu littattafai daga makaranta. In ta dawo sai ta kwanta rub da ciki a kujera tana karatu, can sai ka ji ta tuntsire da dariya har tana dukan matashi. Barira na kan keke, sai ta tsayar da ƙafa.

"Ummi, me ya faru? Ba ni in sha mana."

Yarinyar takan buɗe baki, ta nemo kalmomi ta rasa, sai ta ce da Turanci abin dariya ne kawai, ta koma karatunta. Barira ta ce ba raini ba ne, ta sani. Amma ta fi jin kaɗaici a lokacin nan fiye da sa'ad da gidan ba kowa.

Wata Laraba Ummi ta shigo ko jaka ba ta ajiye ba, ta ɗora littafin a kan keken ɗinki. Makarantarsu ta sa ranar da kowane yaro zai zo cikin shigar wani daga littafin da ya fi so, saura mako uku.

Barira ta duba bangon. Wani jirgin ruwa ne mai dogon wuya, cike da ƙartin maza masu gemu kamar tsintsiya da huluna masu ƙaho. A tsakiyarsu wata ƙatuwar tsohuwa ta ɗaga ludayi, a gefe kuma wani koren dodo mai fukafukai ya leƙa da kansa ruwa, idanunsa sun juye.

"Su wane ne waɗannan?"

"Baikin," in ji Ummi.

"Baikon wa? Wannan tsohuwar za a aurar?"

Ummi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta samu numfashi sai ta shiga bayani, rabi Turanci rabi wata gurguwar Hausa da uwar ba ta taɓa jin ta yi mai tsawon haka ba. Baikin wasu mutane ne na can ƙasar ƙanƙara, tun zamanin da, masu yawon yaƙi a teku. Waɗannan na littafin kuwa ba su taɓa cin yaƙi ko ɗaya ba. Kakarsu ce shugabar jirgin, da ludayi take ba da umarni. Sun sayi dodo don ya riƙa hura wa abokan gaba wuta, sai aka samu tafiyar ruwa na sa shi jiri. In ya yi amai kuma wuta ce ke fita, ya ƙone musu filafilai sau goma sha ɗaya.

"To ke wacce za ki zama? Kakar?"

"Dodo, Umma. Boleh?"

Barira ta san boleh, wato zai yiwu. Ta sake duban hoton, ta ƙirga ƙayoyin bayansa da yatsa. Ta ce zai yiwu.

Washegari ta hau jirgi zuwa Masjid Jamek, ta taka zuwa Jalan Masjid India, layin masu sayar da yadi, da littafin a jaka. Shago biyar ta shiga kafin ta samu koren yadi mai ƙyalli da ƙananan duwatsu a jere kamar ɓawon kifi, irin wanda matan Malay ke sawa ranar biki. Mai shagon, wani dattijo Ba'indiye Musulmi, ya tambaye ta ko na amarya ne. Ta ciro littafin ta nuna masa. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga ciki ya ɗauko mata jan ƙyalle, ya ce ta yi harshe da shi.

Fukafukan ne suka ba ta wahala. Ta gwada kwali ya lanƙwashe, ta gwada waya ta huda yadin. A ƙarshe tsohuwar laimar ruwa ta farke, ta cire ƙarafan, ta raba biyu ta lulluɓe su, ta sa zare ta yadda in Ummi ta ɗaga hannu za su buɗe. Jelar kuma ta cusa mata ƙyallayen atamfar mutane.

Makonni ukun nan, in ji Barira, ba ta yi irinsu ba tun tafiyar ƙawayenta. Kullum bayan la'asar Ummi na tsaye a kan kujera ana gwaji, tana gyara mata: hancinsa ya fi haka faɗi, kunnensa ɗaya a karye yake tun ranar da kakar ta maka masa ludayi. Barira ta riƙa tambaya da gangan don maganar ta yi tsawo. Me ya sa ta doke shi? Ya cinye mata busasshen kifi. Duka? Duka, har da kwandon.

Ranar ta zo. Ba a barin iyaye su shiga, don haka a bakin ƙofar makaranta ta tsaya, tana kallon dodonta yana tafiya cikin 'ya'yan sarauta da 'yan sama jannati, farin hijabin Ummi na leƙowa ta ƙarƙashin haƙora. Kafin ta shige aji sai ta juyo ta ɗaga hannuwa, fukafukan suka buɗe, yara suka sa ihu. Barira ta koma gida a ƙafa, ba ta ma tuna da bas ba. A gasar shigar Ummi ta zo ta biyu, wani yaro da aka saya wa kayansa a kanti shi ya zo na ɗaya. Har yau in ta faɗi wannan sai ta ɗan taɓe baki.

Da aka gama sai gidan ya koma yadda yake, don babu sauran abin gwadawa. Shi ne Barira ta yanke shawarar karanta littattafan da kanta. Bakwai ne. Abdulgani ya samo wa Ummi su duka a wani shagon tsofaffin littattafai a Brickfields. In yarinyar ta tafi makaranta sai ta ɗauki na farko da wayarta, kalmar da ta gagara ta duba, ta rubuta ma'anarta da fensir a gefe. Shafi biyu kan ci mata awa guda. Wani barkwancin sai ta karanta sau uku kafin ta gane inda dariyar take, wani kuma har yau ba ta gane ba. Wata biyar ta yi a kan na farko.

Ranar da ta gama, tana zuba wa Ummi abinci ta ce, "Ashe taswirar tasu a juye suke riƙe ta tun farko? Shi ya sa garinsu suka je suka kai wa hari?"

Ummi ta ajiye cokali. "Umma! Kin karanta?"

Sun yi kusan shekara a haka, uwar na bin 'yar a baya, tana roƙonta kada ta faɗa mata ƙarshe. Amma yaro ba ya jira. Barira na cikin na uku Ummi ta koma wasu littattafan marasa hoto, masu kauri, sannan ta koma waya.

Da ta gama firamare sai maganar sakandare ta taso. Mahaifiyar Abdulgani ta daɗe tana ƙorafin takwararta ba ta iya gaishe ta yadda ya kamata ba. Aka shirya kai ta makarantar kwana ta 'yan mata a Kano, hutu kuma ta yi a wajen kakar. Na tambayi Barira ko tilasta mata aka yi.

"Ko kusa. Ni na fara ce wa Abban Ummi a kai ta. Ina so ta san mutanenta, kada ta tashi baƙuwa a ko'ina."

Akwatin ya yi nauyi a ma'auni, aka cire littattafan bakwai da kayan dodon, wanda dama ya yi mata kaɗan. Barira ba ta koma Kuantan ba, don ɗakin can bai isa ba, masu kawo mata ɗinki kuma a nan suke. Lokacin da na san ta wata shida ke nan da tafiyar Ummi, tana kan littafi na shida.

Wata Lahadi na je karɓar riga sai kiran Ummi ya shigo. Minti goma ake ba su duk mako. Barira ta sa a fili, na ji muryar yarinya tana zuba Hausa tar, har da karin Kanawa, tana ba da labarin wata malama da ta kama su da garin kwaki a aji. Fuskar Barira ta cika da murna. Can ta ce:

"Ummi, na zo inda dodon nan ya yi fushi ya bar jirgin, ya kama aiki a gidan burodi. Don Allah yana dawowa?"



"Wallahi Umma na manta. Ai littafin yara ne. Umma, ki ce wa Abba sabuluna ya ƙare."

"To, zan faɗa masa. Allah ya yi miki albarka."

Da aka kashe ta daɗe tana goge fuskar wayar da gefen zaninta. Sannan ta ce, "Kin ji Hausarta kuwa? Kamar ba ita ba." Da gaske take murnar, na gani. Ta tashi ta ɗauko mini rigata.

Ban san abin da ya sa ba na ce ta ara mini littafin farkon. Ta kalle ni ko wasa nake, sannan ta sa shi a leda, ta ce kada in goge rubutun fensirin, kada kuma in karanta ina cin abinci. A jirgi na fara, na yi dariya ni kaɗai har wata 'yar Sin da ke kusa da ni ta leƙo. Amma aikin makaranta ya danne ni, wata uku ke nan ina babi na huɗu. Duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ina na kai, in faɗa mata, ta ce, "Kai, ba ki ma zo wajen tumakin ba," ta yi dariya ta haɗiye sauran don kada ta ɓata mini.

Yanzu duk shekara in ranar shigar littattafai ta matso, iyayen yaran benen, Malay da Indiyawa da Larabawa, kan ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta ɗinka kada, ta ɗinka mujiya, ta ɗinka wani abu da ta ce ita ma ba ta san ko mene ne ba. Suna biya, su yi godiya, su tafi.

Zuwana na ƙarshe ta gaya mini an sabunta wa Abdulgani aikinsa na wasu shekara biyu. Da sun sa ran komawa gida bana. Tana gwada mini wata riga a lokacin.

"Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ce. "Juya in ga bayan."

Ta cire allurai daga bakinta ta kama inda rigar ta yi mini yawa. Ana ta ruwa a waje, ta ce in jira ya tsagaita, ta dafa mana shayi. Da ya ɗauke ta raka ni har bakin lif, ta tsaya a wurin har ƙofar ta rufe.