Ranar da Abayata Ta Kusa Zama Likkafanina

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a unguwar Ulaya, nan Riyad. A wancan lokacin kaina na hayaƙi, ba a gaya mini in ji, alhali teku ma ban taɓa gani ba sai ta tagar jirgi. Muna aiki da wata 'yar Indiya mai bin addinin Hindu. Da hutunmu ya zo ɗaya, ta matsa in bi ta garinsu a kudancin yankin Tamil na Indiya, inda jama'arsu ke tururuwar ziyarar ibada a bakin teku.

Al'adarsu sai sun yi wanka a tekun da kayansu a jiki kafin su shiga ɗakin bauta. Ni ba ibada ta kai ni ba, amma ganin tsofaffi na tsoma jiki suna fitowa lafiya, sai na ce zan jiƙa ƙafa. Ƙawata ta roƙe ni kada in bar inda mata ke riƙe da hannun juna, ta ce abayata ta yi tsawo. Na yi dariya, na ce ba na son cunkoso, na koma gefe ni kaɗai.

Igiyar ruwa ɗaya ta kwashe ni. Abayar ta sha ruwa ta nannaɗe mini ƙafafu, mayafin ya manne a fuskata, yashi na zamewa ƙarƙashina. Na buɗe baki in yi salati, ruwan gishiri ya cika shi. Wallahi na sadaƙar, tunanina kawai wa zai kai wa mahaifiyata gawata Zariya. Sai wani ƙyalle ya bugi hannuna, na damƙe, aka yi ta ja. Da na buɗe ido a kan yashi, ashe zanen jikin ƙawata ne, wanda suke kira sari. Ita da kunya ke hana ta ɗaga ido, ita ce ta warware shi a gaban surukanta da suka rako mu da taron maza.

Har yau in ruwan wanka ya rufe mini fuska sai gabana ya faɗi. 'Yan'uwa, in kun je garin mutane, ku tsaya inda masu gari suka tsaya, baƙo ko da ido makaho ne. Na tsira da raina da suturata, ita ta biya da tata, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.