Ranar da na ɗauki gawa mai numfashi

Ranar aurena ma ta fara ɓace mini, amma ranar da na ɗauki gawa mai numfashi ba za ta bar kaina ba.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo ne, kowa na sayen keke da rediyo. Wasu samarin birni suka sauka ƙauyenmu kusa da Yankara, wai za su yi fim da ƙarfin kansu. Ni dai majigin gwamnati kawai na sani. Mace ɗaya ce a cikinsu, ta ajiye aikin asibiti saboda wasan. Aka ce wannan ne fim ɗinta na farko, in ya lalace sai ta koma gida da kunya.

Mu huɗu aka zaɓa mu ɗauki makara, tana ciki an rufe ta da tabarma. Shugabansu ya ce abin ɗaukar hoton ya kusa ƙarewa, sau ɗaya za a yi, kada ta motsa sai ya yi magana.

Ashe ranar kasuwa ce, mu kuwa ba a ganin gawa a wuce. Muna hawa hanya masu dawowa suka jingine kekuna suka biyo mu. Wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Kawo nan, yaro, mu ma mu samu lada." Na ba shi. To me zan ce? Kafin in ankara makara ta yi gaba, kafaɗa zuwa kafaɗa, an nufi maƙabarta. Shugaban na ta ɗaga hannu yana kira, aka ce mijin ne, a rarrashe shi.

Ita ko tari ba ta yi ba. Har ni da na ga shigarta da ƙafarta na fara kokwanto, na kama salati da gaske.

Ana saukewa wani malami ya tambaya ko an yi mata salla. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin tabarma, a hankali: "Malam, an gama ɗauka?"

Aka watse. Ni da na san komai na riga kowa gudu, takalmina ɗaya har yau ban gan shi ba.

Mai ɗaukar hoton bai daina ɗauka ba ashe, kuma an ce wurin nan ne ya fito da ita. Bayan shekaru na gan ta a talabijin a Funtua, na ce ni na taɓa ɗaukar gawarta, aka dube ni kamar taɓaɓɓe.

Ranar na koyi cewa mai son sana'arsa har bakin kabari yana riƙe ta. Ni kuma tun daga nan, kafin in sa kafaɗa, sai na tambayi wa ya rasu.