Karan Gonar Baba

Shekara biyu na yi ina zirga-zirga tsakanin Tsamaye da Sakkwato, ina karatun digiri na biyu a harkar kasuwanci. Babur zuwa Sabon Birni, daga nan mota, ga hanya ba lafiya. Wallahi ko yau na tuna sai bayana ya amsa.

A zango na ƙarshe malaminmu ya ce littafi ya isa haka. Kowa ya koma gida ya nemi sana'a ta gaske, ya gano abin da ake zubarwa a banza, ya maishe shi haja, sannan ya dawo ya faɗa wa aji yadda ta kaya. 'Yan ajinmu masu shaguna da gidajen burodi sun ji daɗi. Ni kuwa me gare ni? Gonar Baba ta gero da dawa, sai wake a tsakani.

Kaka ta yi, na tsaya bakin gonar da littafina. An cire hatsi, ga kara tsaye, ga harawa baje. Na ce to, ga banzar ta samu. Masu turka raguna a Isa da Bafarawa nemansu suke ido rufe.

Na faɗa wa Baba. Ya ce, “Karan ba namu ba ne mu kaɗai.”

Na san abin da yake nufi. Yana da amini, wani dattijon Bafillace daga wajen Burkusuma. Tun kafin a haife ni, duk kaka yakan sauko da shanunsa gonarmu, su ci kara, su kwana, su bar taki. Matarsa ta aiko wa Inna ƙwaryar nono, Inna ta mayar da ita cike da gero. Ba takarda, ba ciniki. Ni a lokacin wannan ne ma ya ba ni haushi. Na zaunar da Baba na yi masa lacca, da zane a ƙasa, na ce takin zamani na buhu ya fi kashin shanu sauri. Kai, ilimi sabo masifa ne!

Baba bai iya musu da mai karatu ba. Ya ce, “To, kai ka sani.”

Muka sare karan, muka ɗaure harawa, amalanke ta kwashe zuwa wurin masu saye. Gona ta koma fes kamar tsakar gidan amarya. Na ɗauki hotuna.

Bayan kwana kaɗan dattijon ya iso, shanu na biye da shi. Ina wurin. Ya tsaya a kan iyaka, sanda a kafaɗa, ya daɗe yana kallo. Suka gaisa da Baba, gaisuwa mai tsawo, iyali da gajiya da sanyi. Ko kalma ɗaya bai ce a kan kara ba. Ya juya shanunsa ya yi arewa.

Abin da ban sani ba, kuma babu littafin da ya gaya mini, shi ne ba a taɓa gayyatarsa da baki ba. Karan da aka bari tsaye shi ne gayyatar. Wanda ya share gonarsa kuwa ya ce kada ka zo ke nan, kuma mai kunya ba ya tambayar dalili.

A Sakkwato na haska hotunan a bango, aka tafa mini. Malaminmu ya ce aikina abin koyi ne.

Damina ta zo, takin buhu ya yi wuyar samu, gero ya fito siriri. Wannan duk da sauƙi. Baba ne ya rage magana. A zamanin nan da manomi da makiyayi ke kallon juna a kaikaice, amini guda gare shi a can ɓangaren, ni kuma na kore shi da lauje.

Na hau babur har Burkusuma na ba dattijon haƙuri. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka dama mini fura. Na ce, “Baba, laifina ne, ba na amininka ba.”

Ya ce, “Babu komi, ɗana. Amma wani ya bar min karanai bara, na kuwa ci. In na tsallake shi bana, mi za ni ce mai?”

Na yi masa sallama. Na dawo a gajiye.

Kaka uku ke nan Baba yana barin karansa tsaye, ba ya bari ko akuyar gida ta taɓa. Haka yake bushewa har gara ta cinye. Ran nan na iske shi zaune bakin gona, fuskarsa a arewa. Bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai ya ce, “Wai aikin nan naka, sun yaba?”

Na ce, “Ni na zo na ɗaya, Baba.”

Ya ce, “Madalla.” Ya ci gaba da kallon hanya.