Goyon da Zuwaira Ta Kai Bakin Ƙanƙara

Zuwaira 'yar Lausu ce, kuma ba ta taɓa neman aiki a gidan Bature ba. Ƙosai take soyawa. Mijinta ya rasu tana da shekara ashirin da 'yan kai, ba ta haihu ba, sai ta dawo gidan wanta Haliru ta kafa kasko a bakin hanyar Rano. A shekarar 1949 aka turo wani Bature yana haƙa rijiyoyin siminti a ƙauyukan yankin, mutane suka sa masa suna Mai Rijiya. Wata rana matarsa ta biyo shi wurin aiki da jaririya a hannu. Jaririyar tana ta tsala kuka, uwar ta jijjiga ta har ta gaji.

"Wannan baiwar Allah ba ta iya goyo ba ne?" in ji Zuwaira. Ta goge hannu a zane, ta karɓi 'yar, ta saɓa a baya ta ɗaure. Kafin ƙosan da ke kasko ya yi ja, 'yar ta yi barci.

Washegari aka aiko ana neman ta raino. Sunan yarinyar ya ƙi faɗuwa a bakinta, da ta ji ran Asabar aka haife ta sai ta riƙa kiranta Asibi. Ita kuwa Asibi da ta fara magana, Iya take ce mata, kuma Hausa ce ta fara zama a bakinta kafin yaren iyayenta.

Tana shekara huɗu shan inna ya shanye mata ƙafafu, aka sa mata ƙarafa. A 1956 aikin rijiyoyi ya ƙare, iyayen suka yanke shawarar kai ta wani asibiti a Norwe, ƙasar uwarta, inda za ta kwanta shekara guda ko fiye. Asibi ta ce ba ta shiga jirgi sai da Iya.

"Ke da ko Kano sau biyu kika je?" in ji Haliru.

"To, Yaya, yanzu sai in wuce ta."

Kafin ranar asibiti, iyayen suka ɗauki mako guda suna yawo da yarinyar a jirgin ruwa, a wuraren da teku ta kutsa tsakanin dogayen duwatsu kamar lungu. Tun suna Rano uwar take ba ta labarin wani kogi na ƙanƙara da ya gangaro tsakanin duwatsu biyu ya daskare, bai narke ba tun kaka da kakanni. Shi kaɗai Asibi ta sa a rai.

"Iya, zan taɓa shi da hannuna?"

"Za ki taɓa."

"Rantse."

"Ba na rantsuwa a kan ƙanƙara. Na dai ce za ki taɓa."

Ran nan jirgi ya tsaya, aka kwashe su a keken doki zuwa wata bukkar katako a gindin dutse. Daga nan zuwa kogin ƙanƙarar sai a ƙafa, tafiyar sa'a guda, a kan duwatsun da feshin ruwa ya jiƙa. Jagoran, wani tsoho mai jan gemu, ya dubi ƙarafan Asibi ya girgiza kai. Mai Rijiya ya ɗauke ta a hannu ya gwada. Bai yi taku ashirin ba ya zame, gwiwarsa ta bugi dutse, da ƙyar ya kare kan yarinyar. Ya dawo da ita ya ajiye a kan benci.

"Ba ya yiwuwa, Zuwaira," ya ce da Hausarsa ta Turawa. "Hanya ba kyau. Ku zauna nan, ku sha shayi."

Asibi ba ta yi kuka ba. Ta juya fuska bango kawai. Gobe jirgi zai juya, kwana shida kuma sai gadon asibiti.

Zuwaira ta ce, "Ranka ya daɗe, a hannu ka ɗauke ta. Wa yake hawan dutse da kaya a hannu?"

Zuwaira ta durƙusa ta kwance ƙarafan, ta miƙa masa. "Riƙe mana wannan." Ta kwance zanen da ta ɗaura a kan rigar sanyi, ta ce, "Hau." Yarinya 'yar shekara bakwai, ƙafafu suna lilo. Ta tattaro su ta cusa cikin zanen, ta ƙara da mayafi ta tamke a ƙirji. Sannan ta tuɓe takalman da aka saya mata.

"Zuwaira, sanyi zai kashe miki ƙafa!" in ji uwar.

"Uwargida, takalmin nan ba ya gaya mini inda na taka. Tun ina 'yar shekara takwas nake sauko da itace daga duwatsun Rano, ban taɓa hawa da takalmi ba."

Jagoran ya yi wata doguwar magana da yarensa. Zuwaira ta ce a faɗa masa ta ji, ya wuce gaba.

Ta hau a sunkuye, hannu biyu a sake, tana laluben kowane dutse da yatsun ƙafa kafin ta sakar masa nauyi. Suka tsallake wani rafi mai ruwa fari kamar kunu a kan katako biyu.

"Iya, kina haki."

"Ba ke kika cinye burodin mutane a jirgi ba? Yi shiru, riƙe wuyana, kada ki shaƙe ni."

Rabin hanya ƙafafun suka daina jin komai. Nan ne ta tsorata, domin ƙafar ta daina ba ta labarin dutsen. Ta jingina da wani dutse ba tare da ta sauke goyon ba. Mai Rijiya ya durƙusa ya murza mata tafin ƙafa da hannu har ta ce "Wash!" sannan ya cire safarsa ta ulu ya sa mata. Duk da haka, har ta tsufa a Lausu, yatsu biyu na ƙafarta ta hagu ba su sake sanin zafi ko sanyi ba.

"Mu koma?" ya tambaya.

"Mun fi kusa da can."

Suna shan wata kwana sai ga kogin ƙanƙarar a gabansu, ya fi kowane gini da Zuwaira ta taɓa gani tsawo, fari daga sama, cikin tsagoginsa shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Can ciki wani abu ya yi ƙara kamar harbin bindiga. Jagoran ya hana su zuwa tsakiya, ya nuna musu gefe guda inda ƙanƙarar ta kwanta ƙasa-ƙasa. Zuwaira ta matsa, ta juya a kaikaice har kafaɗarta ta kusa gogarta.

"Miƙa hannu."

Asibi ta cire safar hannu da haƙori, ta ɗora tafinta.

"Iya, gumi yake yi."

"To taɓa da kyau, da hannu biyun. Ni dai ba zan sake hawowa nan ba."