Rilwanu Kafinta da Bencin Masu Jirgi

Rilwanu mutumin Zariya ne, ɗan kafinta, jikan kafinta. Shekararsa ashirin da biyu a Stapleton, wata unguwar bakin teku a ƙasar waje, yana gyaran ƙofofi da kantoci, kuma kowa ya san halinsa: ba ya iya ganin katako ya ji jiki ya ƙyale shi. Matarsa Turai kan ce ko muciyarta ba ta tsira ba.

Akwai wata tsohuwar coci ta jan bulo da ke fuskantar ruwa, wadda masu jiragen ruwa suka gina tun kaka da kakanni. Rilwanu musulmi ne, amma shi ke gyara musu taga da matakala, kuma yana son wurin, don irin katakon da ke ciki an daina samunsa.

Da bikin tunawa da kafa cocin ya matso, fasto ya ce ya ɗaure ƙafar bencin ƙarshe da ke rawa. Ƙafa kawai aka ce. Rilwanu ya duba majinginar bencin, ya ga an kakkarce ta da wuƙa, ya yi tsaki: aikin yara marasa tarbiyya! A gidansu, in za a yi baƙi ba a barin abin kunya a fili. Ya sa samfefa ya goge ta sumul, ya shafa mai har tana ɗaukar ido. Bawan Allah har yana jiran godiya.

Fasto na gani ya zauna daɓas. Ashe karcen nan sunayen mazan cocin ne da teku ta ci. Da yake ba su da kabari, sai iyalansu su zo su sassaƙa sunan a nan. Mutum goma sha tara. Littafin da aka rubuta su ambaliya ta lalata, kuma kullum ana cewa za a kwafe daga benci, ba a kwafe ba.

Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Kwana uku Rilwanu ba ya iya cin abinci. Abin da ya fi damunsa Mama Odessa ce, tsohuwa mai shekara casa'in da idonta ya mutu, wadda duk Lahadi take shafa sunan kakanta da yatsa. Fasto ya ce zai gaya mata, Rilwanu ya ce a'a, wanda ya yi ɓarna shi zai faɗa.

Ranar Lahadi ya tare ta a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Mama, ni ne kafinta. Na yi miki laifi babba."

Ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta ce ya kai ta wurin. Ta daɗe tana bin katakon da yatsa.

"Ka iya aiki," in ji ta. "Ko alama babu."

"Zan sake sassaƙa su, Mama. Yau ɗin nan."

"Na kakana na sani, da huɗu na kusa da shi. Sauran danginsu sun ƙare." Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa, da ɗan ɗoki. "Amma kai ne na ƙarshe da ya gan su, ɗana. Ai ka karanta kafin ka goge, ko?"

Ranar da ya goge su, awa biyu Rilwanu ya yi a durƙushe gaban sunayen nan, hancinsa kamar ya taɓa su, amma ko ɗaya bai karanta ba.