Maganar Gwiwa a Bakin Filin Atisaye

Ban san ƙwallon Amurka ba sai da ɗana na fari ya shige ta. Ni teburi gare ni a bakin titi a unguwar Tremont, nan Amurka, ina sayar da huluna da safa da lema. Kafin in zo ƙasar nan na yi shekaru ina kora shanu a ƙasa, daga Nijar zuwa kasuwannin kudu. Ban yi boko ba. Abin da na iya shi ne in dubi dabba in san ko za ta kai inda za a kai ta.

Shekarar da ɗan nawa ya gama jami'a, babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a ranakun zaɓen sababbin 'yan wasa. Sai bayan an watse ɗaya daga cikin ƙungiyoyin garin nan ta kira shi ya zo gwaji. Mutum casa'in ake tarawa a sansanin atisaye. Ƙarshen watan Agusta a bar hamsin da uku, sauran kowa ya kama gabansa. Kafin ranar ana yin wasa uku na share fage, a cikinsu ake duba kowa.

Aikinsa tare mutane. Su biyar ne ke tsayawa a jere gaban mai jefa ƙwallo, su hana a kai gare shi. Ba ya taɓa ƙwallon ma. Wannan duk maƙwabcina ya koya mini, wani ɗan zangon Kumasi mai shagon kayan waya a bayan teburina. Yana da talabijin a shagon, yana da baki kuma.

Wasan farko ranar Asabar da rana aka yi. Na rufe teburi da leda na shiga shagon. An yi ta kayar da mai jefa ƙwallon ƙungiyar, ya tashi a sake kayar da shi. Maƙwabcina yana ta buga kantar shagon.

"Ei, Alhaji, wannan ƙungiya ba ta da komai! Su sayo sabon mai jefawa. Su sayo masu cafewa. Kocin ma su kore shi ya zo ya taya ka sayar da safa."

Na ce, "Mai jefawar lafiyarsa lau. Ta hagu ake shigowa."

"Kai da jiya-jiya kake tambayata me ya sa ƙwallon ba ta da zagaye?"

"Dubi dattijon can na biyu daga hagu. Bar kallon ƙirjinsa. Dubi ƙafarsa ta hagu."

Aka maimaita hoton a hankali. Ƙafar tana makara. Duk sa'ad da aka taso masa, sai ta biyo baya kamar aron ta ya yi. A kora ba ma duban tozo, ƙafa muke duba, don mun sha barin manyan bijimai a hanya. Maƙwabcina ya ce wai dama shi ma ya lura.

Ɗana ya shiga bayan hutun rabin lokaci. Ban ga an wuce shi ba. Ƙafafunsa a ware, yana ja da baya kaɗan-kaɗan, bai haɗe su ba ko sau ɗaya. 

Bayan wasan muka zauna muka duba abin yadda yake. Maƙwabcina ya ce ƙungiyar nan mutum tara ta saba bari a masu tarewa. Takwas an san su, babu mai taɓa su. Saura gurbi ɗaya, mutum uku na nema: dattijon, wanda ya daɗe da su kuma koci ya san shi, wani saurayi da suka zaɓa da hannunsu a bana, ba za su so a ce sun yi zaɓen banza ba, sai ɗana, wanda babu mai jin kunya in ya tafi. A ganina abin da ƙungiyar ke bukata shi ne ƙafa mai sauri a hagu. Tana da ita a sansaninta. Ko ta sani, wannan ne ban sani ba.

Ranar Talata aka buɗe atisaye ga iyalan 'yan wasa. Ɗana ya aiko mana da takardar shiga, ni da uwarsa. Muka hau jirgin ƙasa, muka hau bas, muka ƙetare kogi. Na sa farar riga da hula. Uwarsa ta tafi neman inuwa, ni na tsaya a bakin igiyar da aka kewaye filin da ita.

Wani Bature ya zo ya tsaya kusa da ni. Gajeren wando gare shi da hular rana, da ɗan allo a hannu. Na ɗauka cikin masu raba ruwa yake. Ya ga lambar da ke jikin takardar da na rataya a wuya, ya tambaye ni ko ni ne uban. Na ce eh.

Sai ya hau yabo. Wai yaron nan ƙarfe ne. Wai bai taɓa ganin ya gaji ba, ƙafafunsa kamar an dasa su. Da ƙarfi yake faɗa, ga mutane a dama da hagu suna juyowa suna kallon ɗana. Babu tubarkalla, babu masha Allah. 

A wurinmu ba a yin haka. Ba ka tsayawa a yabi ɗanka a bainar jama'a kana gyaɗa kai, balle ɗan fari, wanda ko sunansa ban taɓa kamawa da bakina ba. In an yaba, sai ka rage. Ka nemo masa aibi ka ajiye a gaba, don baki ya sauka a kan aibin ya bar yaron. Haka ubana ya yi mini. Haka muke yi wa saniyar da ta fi kyau a garke in baƙo ya tsaya yana kallonta.

Da guntun Turancina na titi na ce masa ba wani ƙarfi gare shi ba. Na ce ci ne kawai da barci. Baturen ya yi dariya. Da na tsaya nan da shi ke nan. Sai na ga dariyar ba ta isa ba, na ƙara. Na ce gwiwarsa ta dama ma ba ta da kirki, tun yana ɗan shekara goma sha huɗu take damunsa.

Dariyar ta tsaya. Ya ce, wace gwiwa? Na nuna tawa ta dama. Ya ce, an yi masa aiki? Na ce a'a, a gida aka yi magani. Ya rubuta wani abu a allonsa, ya ba ni hannu, ya wuce.

Gaskiyar gwiwar ita ce: ya taɓa zamewa a matakalar masallaci lokacin sanyi, ta kumbura. Uwarsa ta gasa masa da ruwan zafi ta shafa man kaɗanya. Kwana huɗu ya koma guje-gujensa. Ba a sake jin ta ba.

Washegari bayan azahar wayata ta yi ƙara ina teburi. Ɗana yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsa mini tun yana firamare. Ran nan kuwa da Hausa ya fara.

"Baba, me ka ce wa mutumin?"

"Wane mutum?"

"Mai allo. Jiya."

"Mai raba ruwa?"

"Ba ruwa yake rabawa ba. Yana cikin masu rubuta wanda za a bari."

Wata mata tana tsaye tana juya lema tana tambayar ko akwai baƙa. 

Ya ce da safe an hana shi sa kaya. An kai shi an ɗauki hoton gwiwar. An zaunar da shi a ofis an tambaye shi me ya sa bai rubuta ciwon a takardar lafiyarsa ba, me kuma ya ɓoye ban da shi. Ya rantse musu babu. Suka ce ubanka ne ya faɗa.

Na ce, "Yabon ka yake yi a gaban mutane. Ba ko tubarkalla."

 Ina jin numfashinsa.

"Baba, nan ba a rage wa mutum. In ka ce gurgu ne, rubutawa suke yi."

Ya kashe wayar.

Da na koma gida uwarsa ta riga ta ji. Tana tsaye a kicin, ba ta juyo ba.

"Malam, shekara nawa kana tsaye a titin nan ba ka ce wa kowa komai ba? 'Yan sanda sun kwashe maka kaya, ba ka yi magana ba. Sai rana ɗaya tak da ake so ka yi shiru."

"Kare shi na yi."

"To ka kare shi. Ga shi can a zaune a benci."

Hoton ya fito babu komai. Amma kafin likitansu ya sa hannu an ci kwana uku, kuma ba a sa wanda bai yi atisaye ba a wasa. Wasa na biyu ɗana yana tsaye a gefen fili da riga mai hula, hannu a aljihu. Saurayin da suka zaɓa ya buga gurbin. Na tsaya a shagon maƙwabcina ina duban ƙafarsa, ina neman aibi. Akwai, yana miƙewa tsaye da wuri. Amma bai yi abin kunya ba. Sau ɗaya aka wuce shi. Na ji daɗin wannan sau ɗayan, ɗan mutane ne kuwa, bai yi mini komai ba.

Maƙwabcina ya so ya sassauta mini. "Alhaji, in kai ka can da motata? Ka ce musu wasa kake yi. Ka ce haka al'adarku take."

"In ce musu ƙarya na yi?"

"To ba ƙaryar ba ce?"

"In na ce ƙarya ce, su ce uban maƙaryaci ne. In na ce gaskiya ce, su ce ɗan ne."

"Ei. Kun iya ɗaure kanku, mutanen arewa."

Ban je ba. Na kira ɗana sau biyu a makon, bai ɗauka ba. Uwarsa yake kira.

A wasa na uku aka sa shi tun daga farko, don manyan duk an hutar da su. Ya yi wasa mai kyau. Na faɗa yanzu tunda a rubuce ne. Akwai inda ya tura mutum har ya fitar da shi daga hoton talabijin. Maƙwabcina ya yi ihu har mai gyaran gashi na kusa ta leƙo. Amma wannan wasan na 'yan baya ne, waɗanda ya tura ɗin su ma jibi za a sallame su. Wasan da manyan suka buga, wanda ake auna mutum da shi, shi ne na biyu.

Ranar Talatar yanke hukunci, ƙarfe huɗu na yamma ne iyaka. In wayarka ba ta yi ƙara ba har lokacin, ka tsira. An sake su daga otal ɗin da ƙungiya ta ajiye su, ya kwana a gida. Ban fita da teburi ba. Muka zauna a falo mu uku. Ya ajiye wayar a kan tebur, fuskarta sama. Kujerar ta yi masa kaɗan. Uwarsa ta kawo shinkafa, babu wanda ya taɓa. Duk motar da ta yi oda a ƙasa sai mun dubi wayar.

Na yi azahar a ɗaki, na bar ƙofa a buɗe. Na fito na zauna. Ƙarfe biyu ta wuce. Uku saura kwata wayar ta yi ƙara.

Ya miƙe tsaye ya ɗauka. "Eh, ranka ya daɗe," irin nasu na Turanci, sau uku. Ya ajiye. Ya ce an ce ya kawo na'urar da ke ɗauke da dabarun wasa, koci yana son ganinsa. Kowa ya san ma'anar wannan.

Dattijon suka bari. Saurayin ma sun sallame shi.

Yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa na tambaye shi. Ban iya kewaye-kewaye ba.

"Maganata ce?"

Bai ɗago ba. "Ban sani ba, Baba. Ba sa faɗa."

"Ka tambaye su."

"Ba zan tambaya ba."

Washegari da rana suka sake kiransa. Akwai wasu 'yan kaɗan da ake ajiyewa a gefe, su yi atisaye da ƙungiya amma ba sa shiga wasa sai wani ya ji rauni. A cikinsu suka sa shi. Uwarsa ya gaya wa, ita ta sauko har teburi ta gaya mini. Na ce alhamdu lillahi. Ta tsaya tana jiran in ƙara wani abu, ban ƙara ba.

Ya yi kakar nan duka a gefe. Dattijon bai ji rauni ba. Mun koma gaisawa da ɗana kafin sanyi ya shigo, yana zuwa cin abinci ranar da ba su da atisaye, yana ɗaukar mini kwalayen kaya zuwa sito. Maganar gwiwa ba ta sake tasowa tsakaninmu ba. Har yau ban san ko ni na cire shi daga hamsin da ukun nan ba, shi ma bai sani ba, kuma mu biyun babu wanda zai je ya tambaya.