Mantun Tsohon Basine a Misfala

Duk wanda zai yabi Bahaushe da son baƙo, ya yi yabonsa, amma kada ya yi a gabana. Ni na san abin da aka yi a wani lungu na Misfala, a garin Makka.

Cikin shekarun 1960 ne, ana tsakiyar aikin faɗaɗa Harami. Ina da aure da 'ya'ya biyu, ina suyar ƙosai da dare. Mu uku ne muke kasa kaya a jikin katangar wani gida: ni, da wani mai tsire ɗan garinmu, sai wani tsoho Basine. Musulmi ne, ya zo aikin hajji, ƙasarsu ta hargitse a bayansa, komawa ta gagara. Da yawanmu ma ai zaman namu haka ya samo asali, sai dai mu ta Sudan muka biyo.

Bayan isha yake fitowa da sanda a kafaɗa, murhu na reto a gefe ɗaya, tukunya a ɗaya gefen. Mantu yake yi. Ya murza kwaɓin fulawa har ya yi shara-shara, ya zuba yankakken naman rago da albasa, ya tsuke bakin da yatsu, ya turara. Ba ya talla da baki. Wani guntun katako ne da shi mai rami a ciki, yana ƙwanƙwasa shi a hankali, ƙwas-ƙwas. Da gurgun Larabcinsa ya gaya mini cewa a garinsu haka masu abincin dare suke yi, don mai yunwa ya ji, mai barci kuma kada a tashe shi. A wurinsu, in ji shi, wanda ya yi aiki har dare ba ya kwanciya sai ya sa abu mai zafi a ciki. Leburorin Harami da masu ɗibar ruwa su ne masu cinikinsa, kuma wannan tukunyar ce kaɗai abin da ya mallaka a duniya.

Tsinken tsire biyu ne suka jawo masa. Wata rana mai tsire ya miƙa masa, irin na maƙwabtaka. Tsoho ya dafa ƙirji ya ce shukran, bai karɓa ba. Ni ma ya taɓa yi mini haka da ƙosai, na ji haushi, na tare shi gaba da gaba. Ya ce a ƙasarsu Musulmi 'yan kaɗan ne a tsakiyar masu cin alade, tun yana yaro aka hore shi kada ya ci abin da ba a tukunyar gida aka dafa ba, har ya tsufa maƙogwaronsa ya ƙi sabawa. Na ji, na bar maganar. Mai tsire bai tambaya ba. Ya yanke hukunci cewa ƙyamar baƙar fata ce. Ga shi dama leburori sun fara wuce tukubarsa suna zuwa wurin tsoho.

Makka gari ne na kyanwoyi, tsohon kuma yana jefa musu guntun nama, don haka ba sa rabuwa da gindin murhunsa. Nan mai tsire ya samu ƙofa. Ya ce katakon nan kyanwoyi yake kira da shi, kuma kowa ya san Sinawa ba abin da ba sa ci.

"Ya hajja, ke ba ki lura ba?" ya ce mini. "Bissar gidan can ta ɓace tun shekaranjiya."

"Haram alek, Alhaji! Ɗazu na ga kyanwar a kan katanga, ta ma fi ka ƙiba."

Ya yi dariya, ya juya ya gaya wa wani. Abin da ya fi ƙona mini rai, mahauci ɗaya suke sayen nama a wurinsa, da safe tare suke tsayawa. Ya sani sarai. Kuma mu ne fa! Mu da ake kira Takaruni, ake toshe hanci idan muka sa daddawa a miya, mu ne muka samu wanda ya fi mu rashin gata muka taru a kansa.

Kafin wata ya ƙare ciniki ya mutu. Tsohon bai san dalili ba. Ya zaci mutane ba sa jin katakon ne, sai ya riƙa buga shi da ƙarfi, shi da yake tsoron tashin mai barci. Na sayi kwano guda na zauna a tsakiyar lungu na cinye a gaban kowa, na suɗe hannu. Abin da na samu shi ne mata biyu suka daina sayen ƙosaina.

Yara ne suka fahimtar da shi. Suka kewaye shi suna kukan kyanwa suna nuna tukunya. Ya tsaya yana kallonsu, can ya ajiye katakon, ya juyo gare ni.

"Ana Muslim, ya binti," ya ce. "Lesh?"

Wato, "Ni Musulmi ne, 'yata. Don me?" Ba a yi kwana nawa ba mai gidan da muke jikin katangarsa ya ce ya tashi, ba ya son surutu a ƙofarsa. Ya ɗora sandarsa a kafaɗa ya bi hanyar unguwar Utaibiyya. Na yi cigiyarsa har na gaji, ban sake ganinsa ba.

Da azumi ya zagayo, sai ga sabuwar tukunya a gurbinsa. Mai tsire ne, ya zaunar da ƙaninsa a kai. Kwaɓin ya yi kauri kamar ɗanwake, cikin duk albasa, ƙanin yana ta kwarara ihu har cikin gidaje: "Mantu na Sin, na asali!" Mutane suka yi layi har bakin titi. Ina tsaye da matsami a hannu, sai ga ɗaya daga cikin matan nan biyu ta fito daga layin. Ta ce in ara mata kwano, wai nata ya yi kaɗan.